Zuwa gida Babbar Sallah da yara biyu masu larura: ta yaya zan shirya?

Maman Samari, Kubwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in rubuto ta, domin ta shafi 'ya'yana, ta kuma shafi dangin mijina. Muna zaune a Kubwa da yaranmu maza biyu. Babban shekararsa 11, likita ya tabbatar yana da larurar ADHD, wato rashin iya tara hankali wuri ɗaya haɗe da ƙiriniyar da ta zarce ta sa'o'insa, kuma yana shan maganin Concerta kowace safiya. Ƙaramin shekararsa 7, yana da larurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Yana da 'yan kalmomin da yake faɗa, yana gane kusan duk abin da aka ce masa, amma ƙara mai ƙarfi da taron jama'a da sauyin abin da ya saba suna birkita shi matuƙa.

Rabonmu da yin Sallah a gidan surukaina da ke cikin birnin Zariya shekara uku ke nan. A wancan karon mun tashi ranar jajiberi da hantsi, cunkoso ya riƙe mu tun daga Zuba, tafiyar awa huɗu ta cinye mana yini guda. Kafin mu kai Kaduna ƙaramin ya fara kuka yana buga goshinsa da gilashin mota, babban kuma ya kwance bel ɗinsa ya fi sau goma. Ranar Sallah da 'yan bindigar Sarki suka fara harbi, yaron ya toshe kunnuwansa ya shige ƙarƙashin gadon Hajiya, mahaifiyar maigidan, bai fito ba sai bayan la'asar, kuma a kwana ukun da muka yi babu abin da ya shiga cikinsa sai biredi da ruwan shayi. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wata daga cikin ƙannen maigidan ta ce a gaban mutane wai sangarta ce irin ta 'ya'yan Abuja, wata kuma ta ja ni gefe ta ce in yarda a kai shi a yi masa hayaƙi, domin a ganinta shafar aljanu ce.

Bana Hajiya ta yi ta ciwo, ƙafa ta hana ta fita, kuma ta aiko takanas cewa tana so ta ga jikokinta. Maigidan bai tilasta ni ba, amma na san abin da ke ransa, ni ma kuma ba na so yarana su tashi ba su san gidan ubansu ba. Abin da nake so ku taimaka mini da shi: mu bi jirgin ƙasa daga nan Kubwa zuwa tashar Rigasa da ke Kaduna sannan mu ɗauki mota, ko mu tafi da motarmu tun daga gida? Kwana nawa ya dace mu yi? Maƙwabciyata ta ce in ba su Piriton su yi barci har mu isa, shin hakan daidai ne? Sannan ta yaya zan fahimtar da dangi ba tare da an ce na raina su ba? Allah Ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Baban Uku, Kaduna

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Allah Ya ba ku ladan wannan ɗawainiya. Ɗana na tsakiya yana da galahanga, shekararsa 10, kuma duk Sallah muna zuwa garinmu, don haka zan faɗi abin da na gani da idona.

Ni a ganina ranar tashi ta fi abin hawa muhimmanci. Abin da ya wahalar da ku a wancan karon jajiberi ne, ranar da kowa ke kan hanya, ga tireloli, ga motocin raguna, ga wuraren da aikin hanyar Abuja zuwa Kano da aka fara tun 2018 ya sa ake haɗa ababen hawa a hannu ɗaya. Idan makaranta da wurin aiki sun ba da dama, ku tashi kwana uku kafin Sallah, da zarar gari ya waye. Kun huta da cunkoso, sannan yaron zai samu kwana biyu yana sabawa da gidan tun babu kowa, ya san ɗakinsa, ya san banɗaki, ya san fuskar kakarsa, kafin baƙi su cika tsakar gida.

Batun jirgi kuwa, ni mota na zaɓa. Daga tashar Idu da ke Abuja zuwa Rigasa kilomita 186 ne, akwai sanyi da banɗaki da wurin miƙe ƙafa, wannan gaskiya ne. Amma a lokacin Sallah tasha kan cika maƙil, ga layin bincike, ga lasifika, kuma idan yaro ya birkice a cikin tarago babu inda za ki tsaya ki fitar da shi. Bayan kun sauka ma akwai sauran kusan kilomita 80 zuwa Zariya a motar da bai sani ba. A motarku kuwa yana kan kujerar da ya saba, kuma ku ne masu ikon tsayawa. Ki zauna a baya tsakaninsu, a danna makullin yara da ke jikin ƙofofin baya tun a gida, ku tsaya a gidan mai mai fili duk bayan awa ɗaya da rabi domin babban ya sauka ya yi gudu, tun kafin ya fara neman kwance bel.

Abin da ya sa na fi matsuwa in amsa miki shi ne wani abu da ba ki tambaya ba, wato ruwa. Yara masu galahanga da yawa suna da ɗabi'ar sulalewa su fice ba tare da kowa ya ankara ba, kuma ruwa yana jan hankalinsu. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2012 ya nuna kusan rabin irin waɗannan yara sun taɓa yunƙurin ficewa haka bayan sun wuce shekara 4. Birnin Zariya kuwa kin san akwai kududdufai a tsakanin unguwanni, tsofaffin gidaje suna da rijiya, kuma a 'yan shekarun nan Babbar Sallah a farkon damina take faɗowa. Mu ranar yanka ce ta faru da mu. Maza suna wajen fiɗa, mata suna wajen suya, ni na ɗauka yana wurin mahaifiyarsa, ita ta ɗauka yana wurina. Wani almajiri ne ya hango shi durƙushe a bakin rijiyar maƙwabta, ya cire takalmansa ya jera su gefe, yana jefa tsakuwa yana leƙa yadda ruwan ke motsi. Har yau idan na tuna gabana faɗuwa yake yi. Tun daga ranar, kafin mu sauke kaya nake zagaya gidan in duba rijiya da randa da duron ruwa, in sa a rufe da murfi mai kwaɗo. Muna kuma ambatar mutum ɗaya da sunansa a ce yaron yana hannunsa daga yanzu zuwa azahar, idan zai tashi sai ya damƙa shi hannu da hannu ga wani. A gidan da ya cika da mutane kowa yakan ɗauka wani yana kallo. Ki kuma rubuta lambar wayar mahaifinsa a ƙyalle a ɗinke a cikin kowace riga da zai sa.

Idan da hali, ku kama ɗaki a masauki wajen Samaru ko Sabon Gari, ku yini a gida ku koma can ku kwana.

Ma'aikaciyar Jinya, Kano

Maman Samari, sannu da ƙoƙari. Zan tsaya kan magani kawai, tunda nan ne aikina ya shafa, kuma duk abin da zan faɗa ki maimaita shi gaban likitan da ke ganin yaran kafin ku tashi.

Kada ki ba su Piriton ko Phenergan don su yi barci. Magungunan ƙaiƙayi da mura ne, barcin da suke sawa illa ce ta gefe, kuma a jikin wasu yara akasin haka suke yi: yaro ya kasa zama, ya yi ta fizge-fizge da kuka, zuciyarsa na bugawa da sauri. Tsakiyar hanyar Kaduna ba wurin da za ki gano yaronki yana cikin waɗannan ba ne. Phenergan ma an hana ba da shi gaba ɗaya ga yaron da bai kai shekara 2 ba saboda yana iya danne numfashi, wannan don masu jarirai da ke karantawa. Idan amai a mota ne matsalar, ko rashin barci a baƙon wuri, likita yana da abin da zai rubuta daidai da nauyin yaron, kuma a gwada shi a gida mako guda kafin tafiya.

Game da babban, sinadarin da ke cikin Concerta sunansa metilfenidet, shi ne kuma a cikin maganin Ritalin. Concerta yakan yi aiki har kusan awa 12, shi ya sa ake shan sa da safe. Idan hidimar tafiya ta sa kika manta sai da rana ta yi, kina iya samun yaro ido biyu har tsakar dare. Ana haɗiye ƙwayar ɗungurungum, ba a tauna ta, ba a fasa ta. Yana rage sha'awar abinci, don haka ya karya sosai kafin ya sha, kuma kada a matsa masa da rana idan an kawo nama ya ƙi ci, da daddare yunwar za ta dawo. Wasu iyaye sukan dakatar da maganin lokacin hutu. Akwai likitocin da ke amincewa da hakan saboda cin abinci da girman yaro, amma shawara ce ta likita, kuma ni ba zan zaɓi makon da yaro zai shiga taro, ga dawakai, ga babura, ga titi, in ce a nan za a gwada ba.

Wannan magani yana cikin waɗanda doka ta sa wa ido, a nan gida da ƙasashen waje. Ki bar shi cikin kwalinsa na asali, ki haɗa da takardar likita mai ɗauke da sunan yaron, domin kina iya cin karo da shingen jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a hanya, kuma ƙwayoyi tsirara a leda suna jawo tambayoyin da ba ki buƙata. Ki ƙirga na kwanakin da za ku yi, ki ƙara na kwana uku ko huɗu, don ba kowane kantin magani ke ajiye shi ba. A can kuma ki kulle shi a jaka, gida ne mai yara da yawa. Ki tafi da gidan sauronku, saboda yaron da ba ya iya cewa kaina ke ciwo, zazzaɓi kan fara bayyana a jikinsa ne da kuka da ƙin abinci, a yi ta zaton rigimar baƙunta ce. Idan jikinsa ya yi zafi a yi gwajin jini, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Shika kusa da ku.

Hajiya Kaka, Tudun Wada

'Yata, na karanta saƙonki har ƙarshe, kuma na tausaya miki. Ni kaka ce, jikana na wajen ɗana na fari yana da irin larurar ƙaraminki, kuma ba zan ɓoye miki ba, ni ma a farko sangarta na kira ta. Na ga yaro lafiyayye, ƙafa da hannu garau, a gaishe shi ya yi shiru, a miƙa masa tuwo ya ture, sai na ɗora wa uwarsa laifi. Allah Ya yafe mini.

Malam Baban Uku ya yi magana mai kyau, amma ban goyi bayan kwana a masauki ba. Tsohuwa tana kwance, ta aika a kawo mata jikoki, sai ta ji ɗanta ya shigo gari ya sauka a otal? Ko ba ta furta ba za ta riƙe abin, kuma a kanki za a sauke shi, ba a kansa ba. Abin da ya fi shi ne a ware muku ɗaki ɗaya a can ƙuryar gida, nesa da zaure da wurin da ake kunna janareta, ɗaki mai ƙofa da sakata, a sanar da kowa cewa idan yaron ya shiga nan ba a bin sa, ba a leƙe, ba a tura yara su kira shi. Ki shimfiɗa masa zanen gadonsa na gida da matashinsa. Sai idan gidan ba shi da irin wannan ɗaki ne za a yi zancen masauki, shi ma Hajiya ce za a roƙa ta ba da izini da bakinta.

Maganar fahimtar da dangi kuwa ba taki ba ce, ta mijinki ce. Suruka idan ta yi bayani sai a ji kamar tana kare kanta, amma ɗa idan ya zauna gaban mahaifiyarsa ya ce, Hajiya, ga abin da likita ya ce, ga abin da nake roƙo, magana ta ƙare. Ni abin da ya juya ni ke nan. Ɗana ya zo shi kaɗai, mako biyu kafin Sallah, ya zauna a bakin tabarmata ya ce yaron nan kunnensa yana jin ƙara ninkin yadda muke ji, harbin da mu muke murna da shi, shi zafi yake yi masa. Ya ce likita ya gaya musu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 yana da wannan larura, a ko'ina cikin duniya, kuma ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba. Idan Hajiya ta karɓa, ita za ta tsawatar wa 'ya'yanta mata, ke ba sai kin ce uffan ba.

Kada ki yi jayayya da kowa kan addu'a. Idan ta ce za ta tofa masa, ki matso da shi in ya yarda, in bai yarda ba ta yi daga inda take, addu'ar kaka alheri ce. Amma hayaƙi a rufaffen ɗaki, da ɗaure yaro, da duka da sunan fitar da aljani, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, waɗannan mijinki ya ce a'a tun kafin ku zo, ya kuma faɗa a fili cewa ba a fita da yaron ko'ina sai da saninsa. Gaisuwa ma a sassauta masa. Jikana ba ya durƙusawa ya ce ina kwana, abin da yake yi shi ne ya zo ya ɗora tafinsa a gwiwata ya ɗauke, ya tafi. Na yi shekara biyu kafin in gane gaisuwarsa ke nan, yanzu kuwa kowace safiya idan suna gari ita nake jira.

Malamar Aji, Zariya

Ina koyar da yara masu buƙata ta musamman, kuma ina so in ƙara wasu abubuwa. Yaro mai galahanga yakan jure abu mai wuya idan ya san yana tafe. Ki sa wani a gidan ya ɗauko miki hotuna a waya: ƙofar gida, zaure, ɗakin da za ku sauka, banɗakin, Hajiya a kan gadonta, har ragon. Kowane dare ku kalla tare bi da bi da gajerun kalmomi, za mu shiga mota, za mu tsaya mu ci abinci, za mu ga Hajiya, za mu kwana huɗu, za mu dawo gida. Wannan na ƙarshen kada ki taɓa tsallake shi. Ki nemi bidiyon hawa ki kunna masa da sauti ƙasa-ƙasa, ya riƙa sa abin toshe kunne irin mai rufe kunne duka tun a gida, don kada ranar Sallah ta zama ranar farko. Hawan kansa ba dole ne ya je ba.

Kayan Sallah ma a kula. Sabuwar shadda mai sitaci da aikin wuya tana kartar fata, yaron da fatarsa ke da saurin jin abu kuwa kamar ƙaya yake jin ta. A wanke ta sau biyu, a sa mata shafi mai laushi, ya gwada ta a gida, idan ya ƙi a ɗinka masa yadi mai taushi. Abincin da ya saba ki ɗauka wadatacce, da kofinsa da farantinsa, a bar koya masa miyar kuka sai wani lokaci.

Na lura duk hankali ya tafi kan ƙaramin, alhali babban ne ya fi fuskantar tsawa da dundu, domin shi larurarsa ba ta nuna kanta, sai a ce rashin ji ne. Ki ba shi aikin da zai motsa jiki: riƙe igiyar rago, ɗebo ruwa, kai nama gidajen maƙwabta tare da wani babba. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, kuma ki yaba masa a gaban mutane idan ya cika. Yawon Sallah da kallon hawa kada ya tafi cikin ayarin yara, ya tafi da kawunsa ɗaya da aka gaya wa gaskiyar halinsa, saboda yakan tsallaka titi kafin ya duba. Kada kuma a ɗora masa tsaron ƙaninsa.

A kan jirgi na ɗan saɓa da Malam. Ina da ɗalibin da tafiyar jirgin ƙasa ce abin da ya fi kwantar masa da hankali, kuma dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su fifiko a layi. Sai dai a fara gwadawa a ranar da ba ta biki ba.

Maman Samari, Kubwa

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri. Mama Hajiya Kaka, na karanta wa maigidan amsarki daren jiya, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ranar Asabar zai je Zariya shi kaɗai ya ga Hajiya, zai kuma duba rijiyar tsakar gida, domin ya tuna murfinta na kwano ne da ake ɗora wa dutse. Mun tsayar da tafiya a motarmu kwana uku kafin Sallah, mu juyo washegarin Sallah da safe, kuma na karɓi ranar ganin likita a mako mai zuwa. Malama, hotunan sun fara isowa, ƙaramin ya tsaya a kan na ragon ya ƙi a wuce. Wannan ya sa nake da sauran tambaya ɗaya: idan ya shaƙu da ragon a kwanakin nan, in gaya masa tun yanzu abin da za a yi da shi, ko in shigar da shi ɗaki lokacin yanka in bar maganar?